Fijo 504 da Corolla ta yau: wane irin ƙarfi ake magana a kai?

Duk inda tsofaffin direbobi suka zauna a tasha, ko makanikai suka taru a inuwar gareji bayan sallar la'asar, in dai hira ta biyo ta kan mota, da wuya a tashi ba a ambaci Fijo 504 ba, kuma hukuncin da ake yankewa kusan ɗaya ne kullum: ita ce mota, na yanzu kuwa gwangwani ne. Mai wannan magana yakan kafa hujja da abin da idonsa ya gani, wato 504 ta yi karo, an miƙe mata bamba da guduma ta ci gaba da tafiya, alhali ƙaramar motar zamani ko akuya ta buge sai gabanta ya yamutse. Abin da ya gani gaskiya ne, fassarar da ya yi masa ce ke bukatar a sake dubawa, domin kalmar ƙarfi a bakin masu wannan hira tana ɗauke da abubuwa uku da ake cakuɗawa: juriyar mota a kan mummunar hanya, sauƙin tayar da ita idan ta kwanta, da iya kare ran wanda ke cikinta ranar da tsautsayi ya afka. A biyun farko 504 tana da abin faɗa, kuma mai yawa. A na ukun kuwa an bar ta a baya nesa ba kusa ba, kuma abin da ake zagin motar zamani da shi, wato saurin yamutsewa, shi ne ma sirrin fifikonta.

Kamfanin Peugeot (Fijo) na Faransa ya fito da 504 a shekarar 1968, kamfanin Pininfarina na Italiya ne ya zana mata siffa, kuma a 1969 aka zaɓe ta gwarzuwar motar shekara a Turai. An daina ƙera salun ɗinta a Faransa a 1983, amma aka ci gaba da harhaɗa ta a Ajantina har 1999, a Kenya har 2004, a Najeriya kuwa sai tsakiyar shekarun 2000 aka tsaya. Sunan da ta yi a Afirka ba a bakin 'yan talla ta samo shi ba. A 1975 ita ta lashe tseren Safari na Kenya, wanda ake yi a kan burji da taɓo da duwatsu, Ove Andersson na tuƙa ta, kuma daga Senegal zuwa Nijar zuwa Kamaru ita ce motar haya mai dogon zango ta tsawon shekaru masu yawa.

A Arewacin Najeriya dangantakar ta fi haka zurfi, saboda a gida ake harhaɗa ta. A 1975, zamanin mulkin Janar Yakubu Gowon, masana'antar Peugeot da ke Kakuri a Kaduna ta fara aiki, kuma a shekarun farko ta jirgin sama ake ɗauko sassan motar daga birnin Liyon na Faransa a sauke a filin jirgin Kano, a lokacin da tashar jiragen ruwa ta Legas ke fama da cunkoso, sannan a kai su Kaduna a ɗaura. Gwamnatin Janar Obasanjo ta mayar da Fijo motar manyan jami'anta a ƙarƙashin manufar rage facaka, ma'aikata suka riƙa sayenta sabuwa dal da bashin mota, 'yan sanda da asibitoci da direbobin haya duk suka koma kanta. Abin da ya biyo baya shi ne mafi muhimmanci ga wannan kwatance: mota iri ɗaya ta cika ƙasa, saboda haka kayan gyaranta suka cika kasuwanni irin su Panteka a Kaduna da Ƙofar Ruwa a Kano, kuma duk yaron da aka kai koyon makanikanci a kanta yake buɗe ido.

Wadda za a auna ta da ita ita ce Toyota Corolla, domin ita ce ƙaramar motar da ta gaji gurbin Fijo a titunanmu, kuma tun fitowarta a 1966 an sayar da fiye da miliyan 50 a duniya. Mu ɗauki salun ɗin 2020 mai injin lita 1.8, irin wadda aka yi wa kasuwar Amurka, tun da daga can yawancin 'yan tokumbo ke zuwa. Abin mamaki na farko yana cikin awo. Salun ɗin 504, wadda ake yi wa kallon babbar mota, tsawonta kusan mita 4.49 ne, wannan Corolla da ake kira ƙarama kuwa mita 4.63 ce. A ma'auni ma Corollar ta fi nauyi, ta haura kilo 1,300, ita kuwa 504 tana wajen 1,200 da 'yan kai. Wato motar da ake ce wa gwangwani ta fi wadda ake ce wa ƙarfe nauyi, sai dai an ɗauke nauyin daga fatar waje an mayar da shi wuraren da ido ba ya gani. Injin 504 mai lita 2 da kafireta, wato na'urar da ke gauraya fetur da iska, bai kai ƙarfin doki 100 ba, na Corolla kuwa, duk da ya fi shi ƙanƙanta, yana ba da 139.

A kan hanya marar kyau ne 504 ke nuna gwanintarta, kuma akwai dalilai na ƙira a bayan haka. Tana da tashi daga ƙasa, ƙafafunta suna da dogon zangon lotsawa da dawowa, shi ya sa take shanye rami da gargada ba tare da ta girgiza na ciki ba, kujerunta kuma masu laushi ne da mutum ke nutsewa a cikinsu. Tayoyinta masu kaurin gefe ne, rami ya kan daki roba kafin ya kai ga ƙarfen wili. Da tayoyin baya take tuƙi, saboda haka in an loda mata kaya nauyin yana ƙara danne tayoyin da ke tura ta, abin da ke taimakonta a yashi da hawan tudu, kuma farfelarta, sandar da ke kai ƙarfin inji ga tayoyin baya, a cikin bututun ƙarfe take, dutse ko kututture ba ya samunta kai tsaye. Mai dogon baya, wadda ake kira wagon, tana da layin kujeru uku da sifirin biyu a kowane gefen baya, shi ya sa direbobin haya suka ɗora mata abin da ko maƙeranta ba su yi zato ba, fasinja a ciki, buhuna a baya, wani lokaci har da akuya a sama.

Corolla ta 2020 ba don wannan aka yi ta ba. Tsakanin cikinta da ƙasa kusan santimita 13 ne kacal, domin an kwantar da ita ne don ta rage faɗa da iska, ta sha mai kaɗan, ta kuma kama kwalta da kyau a kwana. Wanda ya taɓa hawa tudun rage gudu irin wanda ake ginawa a unguwanninmu da mutum huɗu a cikinta ya san ƙarar da cikinta ke yi. Da tayoyin gaba take tuƙi, robar da ke rufe mahaɗin shaf ɗinta in ta yage ƙura ta shiga, ba a daɗewa sai a fara jin ƙas-ƙas a kwana. Wannan ba rashin inganci ba ne, hanyar da aka ƙera ta dominta ce ta bambanta da wadda muka ɗora ta a kai.

Batun gyara ya fi kowanne daɗin hira, kuma a nan ne ƙaunar 504 ta fi kafuwa. Na taɓa zama a wani gareji ina kallon wani dattijon makanike da aka turo wa wata tsohuwar wagon da ke tari tana mutuwa. Bai taɓa komai ba sai da ya ce a tayar da ita, ya karkata kai ya saurara kamar mai sauraron numfashin majinyaci, sannan ya ce wa yaronsa: "Kai, miƙo mini sukundireba da ɗan fetur a gwangwani." Ya kwance kan kafireta, ya zaro wani ɗan ƙaramin ƙarfe mai huji kamar na allura, ya wanke shi, ya sa baki ya hura, ya ɗaga shi sama ya leƙa hasken rana ta cikin hujin, ya mayar. Daga nan ya buɗe distirbuta, mai rarraba wuta ga filogi, ya goge bakin kwantak da 'yar takardar yashi, ya daidaita tazararsa da ido. Duka aikin bai kai rabin awa ba, kuma ba a sayi ko ƙusa ba. Haka injin yake gaba ɗayansa. In ya tsufa ya fara shan baƙin mai, ana zare hannayen silinda, waɗanda makanikai ke kira silif, a sa sababbi tare da fistin da zobba, injin ya dawo kamar sabo, kuma ana iya maimaita wannan sau da dama a rayuwar mota ɗaya.

Sai dai akwai abin da masu yabon ke mantawa, wato dalilin da ya sa kowa ya iya gyaran 504 shi ne tana yawan neman gyara. Kwantak yana cinyewa, kafireta tana toshewa, filogi yana yin baƙi, da sanyin hunturu sai an ja cok an lallashe ta kafin ta tashi, kuma direban kirki ba ya kama doguwar hanya ba tare da fambel da kwantak da galan na ruwa a but ba. Tsatsa ma tana cin ƙasan ƙofofinta da bene, busasshiyar iskar Arewa ce ta rufa wa da yawa asiri. Waɗanda muke gani suna yawo yau su ne 'yan kaɗan da suka tsira cikin dubbai, sauran sun daɗe da zama tukwane da murhu a hannun maƙera, saboda haka auna dukkan 504 da waɗannan tsirarun kamar auna lafiyar mutanen da ne da tsoho ɗaya da ya kai shekara ɗari.

Corolla ba ta da kafireta, ba ta da kwantak, ba ta da distirbuta. Wata 'yar kwamfuta, wadda makanikai ke kira birenbos, ita ke auna iskar da ke shiga da hayaƙin da ke fita da zafin inji ta hanyar na'urorin ji, ta kuma yanke yawan man da nozul za ta fesa sau da yawa a cikin daƙiƙa ɗaya. Sakamakon haka shi ne tana iya yin shekaru ba a buɗe injinta ba in dai ana juye a kan lokaci. Amma ranar da ta tsaya, kunne da baki ba sa gano ciwonta, sai an jona mata na'urar bincike ta soket ɗin da ke ƙarƙashin sitiyari, tsarin da Amurka ta wajabta wa motoci tun 1996, a karanta lambar matsalar. A nan ne ake yi wa motocin zamani kisan mummuƙe a garejinmu, domin hannun da ya saba da Fijo yakan yi musu maganin Fijo. A cire abin da ke daidaita zafin inji a jefar wai don kada ta yi zafi, a haɗa fanka kai tsaye ta riƙa juyawa ba tsayawa, a zuba ruwan rijiya a lagireto, a ɗura baƙin mai mai kauri irin 20W-50 a injin da aka ƙera don siriri irin 0W-20, a fasa tukunyar tace hayaƙi a kwashe abin da ke cikinta, wanda ake wa laƙabi da indomi, a sayar. Bayan shekara biyu mota ta fara zuƙar mai tana rasa ƙarfi, sai a ce ai dama na yanzu ba su da ƙarko. Giyarta mai sarrafa kanta, irin wadda ake kira CVT, ita ma man giya na musamman take sha, in aka zuba mata wani daban ta lalace, kuma gyaranta a nan yawanci shi ne a sayo wata tokumbo a ɗora.

Ingancin fetur ma yana cikin lissafin. Kafireta tana haƙuri da mai marar kyau fiye da nozul da famfon mai na lantarki, kuma wanda ya tuna gurɓataccen fetur mai yawan sinadarin metanol da ya shigo Najeriya a farkon 2022, wanda hukumomi suka amsa da bakinsu, ya san yadda masu motoci suka yi ta kai kuka gareji. Mai sayen mai a galan a bakin hanya ya fi samun sassauci a wajen tsohuwar mota.

Yawan man da ake sha kuwa wani zance ne, kuma a nan lissafi ya juya baya ga 504 gaba ɗaya. A tafiyar kilomita 100 tana shan tsakanin lita 10 zuwa 12 in tana cikin ƙoshin lafiya, Corolla kuwa wajen lita 7. Daga Kano zuwa Kaduna, kusan kilomita 230, bambancin ya kai lita 9 a tafiya ɗaya, zuwa kawai ban da dawowa. Lokacin da 504 ke tashe wannan ba abin damuwa ba ne, domin a 1978 litar fetur kwabo 15 ce da ɗoriya. Tun daga 29 ga Mayun 2023, ranar da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, farashin da bai kai naira 200 ba ya yi ta hawa har ya haura naira 1,000 a ƙarshen 2024. Direban haya da ke zirga-zirga kullum ba ya bukatar wani ya yi masa bayani, aljihunsa ya riga ya gaya masa, kuma wannan, tare da tsufa da ƙarancin kayan gyara na asali, ya fi komai korar 504 daga tashoshin mota.

Saura babban batun, wato haɗari. Idan mota mai gudu ta tsaya farat ɗaya, ƙarfin gudun nan dole ya tafi wani wuri, kuma ba ya ƙaruwa daidai da gudu, ninkuwa yake yi: in gudu ya ninka biyu, ƙarfin dukan ya ninka huɗu. Ko dai ƙarfen mota ya shanye shi ta hanyar lanƙwashewa, ko kuma ya wuce zuwa ga ƙirji da wuya da kan wanda ke zaune a ciki. Wani injiniyan Mercedes mai suna Béla Barényi ne ya fara tsara wannan tunani a farkon shekarun 1950, cewa a yi gaba da bayan mota su zama masu yamutsewa da gangan, ɗakin fasinja kuwa ya zama mai tauri. Motar zamani ta kai wannan dabara matuƙa. Fatarta ta waje siririya ce, bambarta roba ce, amma ginshiƙan da ke riƙe da rufi da gefen ƙofofi da bene an yi su da ƙarfe na musamman wanda ya ninka na zamanin 504 tauri. Shi ya sa za ka ga Corolla ta yi raga-raga daga fitila zuwa gilashi, amma ƙofar direba ta buɗe ya fito da ƙafarsa. Mai kallo daga bakin hanya yana ganin asarar mota, bai lura da cewa motar ce ta karɓi dukan a madadin mutum ba.

An gwada wannan a fili ba sau ɗaya ba. A 2009 cibiyar IIHS ta Amurka, mai gwada juriyar motoci a haɗari, ta haɗa Chevrolet Bel Air ta 1959, ƙatuwar mota mai kama da tankar yaƙi, karo da Chevrolet Malibu ta 2009, ɗakin direban tsohuwar ya rufta a kan mutum-mutumin gwaji, na sabuwar kuwa ya tsaya yadda yake. A 2017 hukumar ANCAP ta Ostareliya ta yi irin wannan da Corolla biyu, ta 1998 da ta 2015, a gudun kilomita 64 cikin awa, sakamakon ya zo iri ɗaya. In har tazarar shekara 17 tsakanin Corolla da Corolla ta haifar da wannan bambanci, sai a ƙiyasta tazarar da ke tsakanin ƙirar 1968 da ta 2020. Ba laifin 504 ba ne, a zamaninta tana cikin masu kyau, har salun ɗinta na farko yana da birkin faifai a tayoyi huɗu lokacin da yawancin motoci ba su da shi. Amma irin wadda ta cika titunanmu ba ta da jakar iska ko ɗaya, ba ta da na'urar hana taya kullewa in an taka birki da ƙarfi, ba ta da mai daidaita mota in ta fara zamewa a kwana. Corolla ta 2020 tana da jakar iska takwas, tana da duk waɗancan, har da na'urar da ke taka birki da kanta in ta hango karo.

Wajibi ne a sa sharaɗi a nan, domin Corollar da ke cikin takardar kamfani daban, wadda ke wurin dillali daban. Da yawa daga motocin da ake shigowa da su daga Amurka an saye su ne a gwanjon motocin da suka yi haɗari, aka kawo su aka buga bodi aka yi fenti, jakar iskar da ta fashe kuwa ba a mayar da ita ba, an dai liƙe murfin sitiyari an kashe fitilar gargaɗin da ke allon direba. Ƙarfen da ya taɓa yamutsewa aka miƙe shi da wuta ba zai sake shanye duka kamar farko ba. Haka kuma jakar iska an yi ta ne don ta yi aiki tare da bel, wanda bai ɗaura ba tana iya ji masa ciwo maimakon ta cece shi. Ga kuma gudu, domin motar zamani tana kai kilomita 140 cikin awa ba tare da direba ya ji ko girgiza ba, alhali 504 tun kafin nan take fara ƙara da rawa tana tuna masa da kansa. Mai sayen tokumbo da ya kunna makulli bai ga fitilar jakar iska ta kama na 'yan daƙiƙu sannan ta mutu ba, to ya binciki motar da kyau kafin ya biya.

A ganina abin da tsofaffin direbobi ke kewa ba kaurin ƙarfe ba ne, ko da kuwa haka suke faɗa. Suna kewar lokacin da mota da hanya da makanike da kasuwar kayan gyara da albashin ma'aikaci suka dace da juna, har malamin makaranta yana iya fitar da sabuwar mota daga Kaduna da leda a kujerunta. Wannan dacewar ta fara warwarewa ne bayan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986, da naira ta faɗi, sabuwar mota ta fi ƙarfin mai albashi, kasuwa ta koma hannun 'yan Kwatano da 'yan Beljiyam. An sayar da hannun jarin gwamnati a masana'antar Kakuri a 2006, daga baya bashi ya kai ta hannun AMCON, hukumar da ke karɓar basussukan bankuna da aka kasa biya, kuma ko da yake kamfanin haɗin gwiwar Dangote da Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna a 2022, babu wata mota guda da ta sake cika ƙasa yadda 504 ta yi. Corolla ta zo mana ne a matsayin baƙuwa wadda aka ɗinka wa rigar wata ƙasa, kuma garejin da ya sayi na'urar bincike ya koyi karanta ta shi ne ke cin moriyarta.

Ita kuwa 504 ta rabu gida biyu. Masu tsabta da ba a taɓa yi musu fenti ba sun zama kayan tarihi da masu sha'awa ke nema su adana, har ta tsohon shugaban Iran Mahmud Ahmadinejad, ƙirar 1977, an yi gwanjonta a 2011 a kan fiye da dala miliyan biyu, ko da yake sunan mai ita aka saya ba motar ba. Sauran, musamman a-kori-kura, suna can a hanyoyin ƙauye ranar kasuwa, ɗauke da buhunan masara da itace da mutane a kai, suna tafiya a hankali a kan burjin da Corolla ba za ta yi kilomita biyar a kansa ba tare da ta bar bambarta a hanya ba. A irin wannan gudu da irin wannan hanya, inda makanike mafi kusa ba shi da komai sai sifana da sukundireba, har yanzu ita ce ta fi dacewa da aikin.